Kuɗin Waje da Ruwan Haɗaka: Darasin Kogin Senegal ga Kogin Kwara da Tafkin Chadi

Ruwan da ke juya injunan lantarki a madatsar Kainji cikin watan Janairu, lokacin da rani ya kankama a Arewacin Nijeriya, ruwan sama ne da ya zuba a kan tsaunukan ƙasar Gini tun cikin watannin Agusta da Satumba. Kafin ya iso Kainji sai ya ratsa ƙasar Mali, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Segu da Tambutu, ya wuce ta Yamai, ya bi iyakar Nijar da Binin, sa'an nan ya shigo Nijeriya ta Jihar Kebbi. Ana kiransa baƙin ruwa, domin ya riga ya zubar da lakarsa a hanya, saɓanin farin ruwa mai laka wanda daminar kusa ke kawowa. Duk abin da aka tare ko aka ɗiba daga wannan ruwa a Gini ko Mali ko Nijar, masana'antun Legas da Kano da Aba za su ji shi a jikinsu ta hanyar ƙarancin wutar lantarki.

Haka lamarin yake a sauran manyan ruwayen ƙasar. Kogin Binuwai ya taso ne daga tsaunukan Adamawa na ƙasar Kamaru. Tafkin Chadi kuwa yana samun kimanin kashi 90 cikin ɗari na ruwan da ke shiga cikinsa daga kogunan Shari da Lagon, waɗanda ko kusa ba su taɓa ƙasar Nijeriya ba. Wato dai Nijeriya, duk da girman tattalin arzikinta, a ƙarshen magudana take zaune. Saboda haka tambayar wa ke biyan kuɗin kula da waɗannan ruwaye, da kuma bisa wane sharaɗi, tambaya ce ta kasuwanci da tattalin arziki kafin ta zama ta diflomasiyya.

Ma'anar ruwan haɗaka da dokokinsa

Ruwan haɗaka shi ne kogi ko tafki ko ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ya ratsa iyakar ƙasashe biyu ko fiye. Bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙasashe 153 ne ke da irin wannan ruwa tare da maƙwabtansu, kuma a nahiyar Afirka kaɗai akwai manyan magudanai fiye da 60 da suka ratsa iyakoki.

Yarjejeniyoyi biyu ne suka shata ƙa'idojin da duniya ke bi. Akwai ta Helsinki ta 1992, wadda da farko ta ƙasashen Turai ce, daga baya aka buɗe ta ga kowa. Chadi da Senegal sun shiga cikinta a 2018, Kamaru a 2022, Nijeriya kuma a 2023. Akwai kuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1997, wadda ba ta fara aiki ba sai a 2014. Jigon dokokin nan uku ne. Kowace ƙasa ta yi amfani da ruwan gwargwadon adalci. Kada ta jawo wa maƙwabciyarta babbar illa. Kuma ta sanar da ita tun da wuri idan za ta gina wani abu da zai sauya tafiyar ruwan. To sai dai babu ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin da ke ɗauke da taskar kuɗin gina madatsai. Doka ta faɗi abin da ya kamata, amma aikin auna ruwa da gina madatsa da biyan ma'aikata yana bukatar aljihu.

Hanyoyin da kuɗi ke fitowa

Kuɗin da ake kashewa kan ruwan haɗaka iri huɗu ne, kuma kowane iri yana da aikin da ya dace da shi.

Na farko shi ne gudummawar shekara-shekara da ƙasashe ke biya wa hukumar da suka kafa tare. Da ita ake biyan albashi, ake gudanar da taruka, ake kula da tashoshin auna ruwa. Ita ce mafi ƙanƙanta, amma ita ce ginshiƙi, domin da ita masu ba da rance ke gane ko ƙasashen da gaske suke yi.

Na biyu shi ne tallafin da ba a biya, wanda galibi ke tafiya ga bincike da horar da ma'aikata da tsara dokoki. Asusun Kula da Muhalli na Duniya, wanda aka kafa a 1991, yana da sashe na musamman don ruwayen ƙasa da ƙasa. Bankin Raya Afirka yana riƙe da wani asusun ruwa na nahiyar, haka kuma Bankin Duniya ya buɗe shirin taimaka wa haɗin kai kan ruwayen Afirka a 2011. Irin wannan tallafi yakan zo ne na shekaru kaɗan, idan wa'adinsa ya cika sai ya tsaya.

Na uku shi ne rance mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, daga Bankin Duniya, da Bankin Raya Afirka, da Bankin Musulunci, da asusun raya ƙasashe na Saudiyya da Kuwait. Da irinsa aka gina Kainji, inda Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82 a 1964, aka kammala aikin a 1968.

Na huɗu shi ne rancen da ke zuwa tare da ɗan kwangila, musamman daga ƙasar Sin. Madatsar Zungeru a Jihar Neja, mai ƙarfin megawat 700, misali ce: bankin shige da fice na Sin ne ya ɗauki kashi 75 cikin ɗari na kuɗinta, wanda ya kai kimanin dala biliyan 1.3.

A nan ne wani ƙulli yake, wanda ya kamata mai nazari ya fahimta. Banki yana ba da rance ne ga wanda ke da baitulmali da haraji, wato gwamnati. Hukumar kogi ba ta karɓar haraji, don haka ba ta da abin da za ta jingina. Idan har ana son a gina abu guda don amfanin ƙasashe uku, tilas ne su ukun su amince tun da farko kan wanda ya mallaki abin, da kason bashin da kowa zai ɗauka, da abin da zai faru idan ɗaya ta kasa biya. Bugu da ƙari, Bankin Duniya yana da ƙa'idar cewa kafin ya saka kuɗi a wani aiki a kan kogin haɗaka sai an sanar da sauran ƙasashen da abin ya shafa. Wannan ƙa'ida ta mayar da mai ba da rance tamkar mai shiga tsakani.

Koguna biyu na nesa sun nuna ƙarfin wannan matsayi da kuma iyakarsa. A 1960, bayan shekaru tara ana tattaunawa a ƙarƙashin Bankin Duniya, Indiya da Pakistan suka rattaba hannu kan rabon kogunan Indus. Abin da ya sa Pakistan ta yarda shi ne asusun da aka haɗa, na kusan dala miliyan 900, wanda Amurka da Ingila da Jamus da Kanada da Ostareliya da wasu suka zuba wa kuɗi, aka gina mata madatsar Mangla da manyan hanyoyin ruwa da za su maye gurbin kogunan da aka bar wa Indiya. Yarjejeniyar ta jure yaƙe-yaƙe, har zuwa Afrilun 2025 da Indiya ta ba da sanarwar jingine ta. A kogin Nilu kuwa, Habasha ta fara gina babbar madatsarta a 2011 da kuɗin cikin gida, daga baitulmali da takardun lamuni da ta sayar wa 'yan ƙasarta, ta kuma ƙaddamar da ita a Satumbar 2025. Da yake babu wani bankin waje da ke riƙe da igiyar kuɗin, babu wanda ya iya gindaya mata sharaɗin ta cimma matsaya da Masar da Sudan tukuna.

Kogin Senegal: dukiyar tarayya

A Afirka ta Yamma, inda aka warware ƙullin mallaka da bashi shi ne kogin Senegal. A Maris na 1972, ana tsakiyar farin da ya addabi yankin Sahel, Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa Hukumar Raya Kogin Senegal, wadda aka fi sani da OMVS, mai hedkwata a Dakar. Gini ta shiga a 2006.

Abin da ya bambanta wannan hukuma da takwarorinta yarjejeniyoyi biyu ne. Ta 1978 ta ayyana cewa duk wani babban aiki da aka gina a kan kogin dukiyar tarayya ce wadda ba a rabawa, ko da a cikin ƙasar wa yake. Ta 1982 kuma ta tsara yadda za a biya kuɗinsa. Aka lissafa ribar da kowace ƙasa za ta samu ta fannin noman rani da lantarki da sufurin jiragen ruwa, aka raba bashin bisa wannan ma'auni: Senegal kashi 42.1 cikin ɗari, Mali kashi 35.3, Muritaniya kashi 22.6. Bisa wannan tsari na tarayya ne suka tunkari Saudiyya da Kuwait da Abu Dhabi da Jamus da Faransa da Bankin Raya Afirka, suka samu kuɗin madatsai biyu. An kammala Diyama a 1986 kusa da bakin teku, don hana ruwan gishiri hawa cikin kogin a lokacin rani. An kammala Manantali a 1988 a cikin ƙasar Mali, don tara ruwa.

Injunan lantarkin Manantali, masu ƙarfin megawat 200, ba su fara aiki sosai ba sai a 2002. Ana raba wutar ne bisa wani ma'aunin: Mali kashi 52 cikin ɗari, Senegal kashi 33, Muritaniya kashi 15. Tun a 1997 aka kafa kamfanoni biyu mallakar ƙasashen don su gudanar da madatsan, su sayar da wuta da ruwa, su biya bashi daga abin da suka tara. Da yake an ga tsarin yana tafiya, sai masu ba da rance suka dawo, aka gina tashar Felu mai megawat 60 a 2013, da ta Guwina mai megawat 140 a 2022.

An jarraba ƙarfin wannan tsari a 1989, lokacin da rikicin kan iyaka ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya, aka kashe mutane, aka kori dubbai, ƙasashen biyu suka yanke hulɗar jakadanci har zuwa 1992. Duk da haka hukumar kogin ba ta rushe ba. Kowace ƙasa tana da dukiya da bashi a cikinta, ficewa kuwa na nufin asarar dukiyar ba tare da kuɓuta daga bashin ba.

Sai dai tsarin bai rasa tabo ba. Tsayar da ruwa a Diyama ya haifar da yaɗuwar cutar tsargiya a yankin Richard Toll, ya kuma ba ciyawar kacalla damar toshe hanyoyin ruwa, irin yadda ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsan Tiga da Challawa. Manoman da ke shuka dawa a bayan janyewar ambaliya sun yi hasarar gonaki, domin madatsa ta rage ambaliyar. Burin shayar da hekta 375,000 bai cika ba, haka ma burin buɗe hanyar jiragen ruwa daga teku zuwa Mali. Lissafin farko ya ƙidaya wuta da shinkafa, ya manta da lafiya da kiwo da su, kuma daga baya sai da aka sake nemo wasu kuɗaɗen don gyara ɓarnar.

Kogin Kwara: hukuma mai membobi tara

Kogin Kwara, mai tsawon kimanin kilomita 4,200, shi ma yana da tasa hukumar. An kafa ta a Yamai a 1964, aka sake mata fasali a garin Faranah na Gini a 1980 da sunan Hukumar Kula da Magudanar Kogin Neja. Membobinta tara ne: Binin, Barkina Faso, Kamaru, Chadi, Kwaddebuwa, Gini, Mali, Nijar da Nijeriya.

Yawan membobi bai zama ƙarfi ba. Kowace ƙasa ta gina nata ita kaɗai: Mali tana da Markala tun 1947 da Selinge, Kamaru ta kammala Lagdo a 1982, Nijeriya tana da Kainji, da Jebba ta 1985, da Shiroro ta 1990. Babu ko ɗaya da hukumar ta mallaka. Da matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya zo, sai ƙasashen suka daina biyan gudummawa yadda ya kamata, bashin albashi ya taru, masu ba da tallafi suka janye. Wannan kuwa ya faru ne a daidai lokacin da aka fi bukatar hukumar, domin a Yunin 1985 kogin ya tsaya cik a Yamai saboda tsananin fari.

Farfaɗowar ta samo asali ne daga gida. A taron shugabanni da aka yi a Abuja a 2002 aka amince a tsara manufa guda ga kogin baki ɗaya, aka tabbatar da ita a birnin Paris a 2004 a gaban masu ba da rance. A 2007 Bankin Duniya ya amince da wani shiri na dala miliyan 186 ga ƙasashe biyar, wanda kaso mafi tsoka a cikinsa ya tafi ga gyaran injunan Kainji da Jebba. A 2008 shugabannin suka rattaba hannu kan kundin dokar ruwa a Yamai, suka kuma amince da shirin zuba jari na shekaru 20, wanda ya ƙunshi madatsai uku: Fomi a Gini, Tawsa a Mali, da Kandaji a Nijar. Jerin abubuwan ya nuna cewa kuɗin waje ya biyo bayan yarjejeniyar gida ne.

Kandaji ita ce ta fi shafar Nijeriya kai tsaye. Tana kimanin kilomita 180 a sama da Yamai, an kuma tsara ta ne don ta samar da megawat 130, ta shayar da gonaki, ta kuma tabbatar da cewa kogin bai sake tsayawa a Yamai ba. An aza harsashinta a 2008. An soke kwangilar kamfanin Rasha da ya fara aikin a 2013, wani kamfanin Sin ya karɓa a 2019, sa'an nan bayan juyin mulkin Yulin 2023 manyan masu ba da rance suka dakatar da sakin kuɗi, kamfanin ya tsayar da aiki a Agustan wannan shekara. Ko da yake tana cikin shirin hukumar, bashinta a wuyan Nijar kaɗai yake, don haka girgizar siyasar ƙasa guda ta isa ta tsayar da ita.

Akwai kuma tsohuwar fahimta tsakanin ƙasashen biyu. Tun shekarun 1970 Nijeriya ke sayar wa Nijar wutar lantarki ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai, daga baya aka ƙara na Katsina zuwa yankin Maraɗi da Damagaram. Jami'an Nijeriya sun sha bayyana cewa hikimar wannan ciniki ita ce a rage wa Nijar bukatar tare kogin. Kafin 2023 kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita daga Nijeriya take zuwa. A Agustan 2023 aka yanke wutar a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, aka mayar da ita a Maris na 2024. Watannin nan na duhu sun ƙarfafa hujjar masu cewa Nijar ta gina nata ko ta halin ƙaƙa. Ficewar Nijar da Mali da Barkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025 ta ƙara wa hukumar kogin muhimmanci, domin yarjejeniyarta daban take da ta ECOWAS.

Binuwai da ƙananan koguna

A kogin Binuwai an ga farashin rashin aikin tarayya. An daɗe ana maganar gina madatsa a Dasin Hausa, a Jihar Adamawa, wadda za ta riƙe ruwan da ake saki daga Lagdo, amma ba a gina ta ba. A ambaliyar 2012 mutane 363 suka rasu, fiye da miliyan biyu suka bar gidajensu, aka kuma ƙiyasta hasarar a kan naira tiriliyan 2.6. A ta 2022 fiye da mutane 600 suka rasu, ruwa ya datse hanyar Lokoja, tankokin mai suka maƙale, Abuja ta shiga ƙarancin fetur. Ba Lagdo kaɗai ce sanadi ba, domin kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala, waɗanda ke zuba a Binuwai a cikin Nijeriya, su ma suna kawo ruwa mai yawan gaske. Amma tashoshin auna ruwa masu aiki, da sanarwa kan kari tsakanin Garwa da Yola da Makurɗi, kuɗinsu bai kai ko ɗan ƙaramin kaso na wannan hasara ba.

A ƙananan koguna kuwa Nijeriya ce a sama. Kogin Gada ya taso daga ƙasar Katsina, ya shiga Nijar da sunan Gulbin Maraɗi, ya sake dawowa ya haɗu da Rima. Madatsar Jibiya tana kansa. Kogin Komadugu Yobe, wanda ruwansa ke fitowa daga Kano da Bauci da Filato, shi ne iyakar ƙasashen biyu a yankin Diffa. A Yulin 1990 aka ƙulla yarjejeniyar Maiduguri kan rabon irin waɗannan koguna huɗu, a ƙarƙashin Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971. Abin da Nijeriya ke nema daga Gini da Mali da Kamaru, shi ne manoman Maraɗi da Diffa ke nema daga gare ta.

Tafkin Chadi: babban buri da ƙaramin aljihu

An kafa Hukumar Tafkin Chadi ranar 22 ga Mayu, 1964, a Fort Lamy, wato Njamena ta yau, tsakanin Kamaru da Chadi da Nijar da Nijeriya. Daga baya Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta shiga, Libiya ma ta shiga a 2008. Bayan shigar Libiya aka tsara cewa Nijeriya za ta riƙa biyan kashi 40 cikin ɗari na kasafin hukumar, Kamaru 20, Libiya 18, Chadi 11, Nijar 7, Afirka ta Tsakiya 4. Taruwar bashin wannan gudummawa ta daɗe tana cikin matsalolin hukumar.

A 1963 faɗin tafkin ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na wannan. Shirin noman rani na Kudancin Chadi a Jihar Borno, wanda aka tsara don hekta 67,000, ya tsinci kansa da manyan hanyoyin ruwa da famfuna amma tafkin ya yi musu nisa. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun daga shekarun 1990 tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba. Yana cika yana janyewa gwargwadon damina. Bandar kifin Baga da ke isa kasuwannin Onica da Legas, da masara da wake da ake shukawa a inda ruwa ya janye, duk sun dogara ne ga wannan cika da janyewa.

Shekara da shekaru hankalin shugabanni ya fi karkata ga shirin jawo ruwa daga magudanar kogin Kwango. Wani kamfanin Italiya mai suna Bonifica ne ya zana shirin Transaqua, hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400. A taron duniya kan tafkin da aka yi a Abuja a Fabrairun 2018 aka amince da shi, aka kuma ambaci kuɗin da ya kai dala biliyan 50. Amma Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wadda ruwan zai fito daga ƙasarta, ba memba ba ce a hukumar, kuma 'yan siyasarta da dama sun fito fili sun ƙi. Babu yarjejeniyar mallaka, babu ma'aunin rabon bashi, babu amincewar mai ruwa. Duk bankin da ke bin ƙa'idar sanar da maƙwabta ba zai iya saka hannu a irin wannan hali ba. Daɗin daɗawa, tun daga 2015, da aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa don yaƙar Boko Haram a ƙarƙashin inuwar hukumar, hankalin masu ba da tallafi ya fi komawa ga tsaro da agaji da sake tsugunar da jama'a.

A wannan magudana dai an taɓa yin ƙaramin aiki da ya yi tasiri. Madatsar Maga da Kamaru ta gina a 1979 don noman shinkafa ta busar da fadamun Waza da Lagon. A 1994, da tallafin ƙasar Holan, aka buɗe wata tsohuwar mashigar ruwa, ambaliya ta koma wani sashe na fadamar, ciyawa da kifi suka dawo, makiyaya ma suka dawo. Kundin dokar ruwa da shugabannin tafkin suka amince da shi a Njamena a 2012 ya tanadi ƙa'idojin ɗibar ruwa da barin isasshe ga fadamu, wato irin aikin da ake iya farawa ba tare da jiran biliyoyin daloli ba.

Abin da nazarin ya nuna

Idan aka jera misalan nan uku, za a ga cewa bambancinsu ya ta'allaƙa ne ga abin da ƙasashen suka yi kafin su miƙa hannu. Ƙasashen kogin Senegal ba su fi na kogin Kwara arziki ba, amma sun je wurin masu ba da rance da takardar mallaka da ma'aunin bashi. Hukumar kogin Kwara ta samu kuɗi ne a duk lokacin da membobinta suka biya nasu suka kuma daidaita manufa, ta rasa a lokacin da suka yi sakaci. Hukumar Tafkin Chadi ta ɗora begenta kan aikin da ya fi ƙarfin aljihun membobinta, a kan ruwan ƙasar da ba ta cikinta.

Abu na biyu shi ne cewa tallafin waje yana sayen na'ura, amma ba ya biyan mai karanta ta har abada. Tashar auna ruwa da aka kafa da kuɗin wani shiri na shekaru biyar takan mutu a shekara ta shida idan babu layinta a kasafin kuɗin ƙasa. Ba tare da alƙaluman da kowa ya yarda da su ba kuwa, ba a iya raba ruwa, ba a iya raba bashi, ba a iya gargaɗin ambaliya.

Abu na uku ya shafi masu su da makiyaya da manoman fadama. Duk lissafin da ya bar su a waje, kamar yadda ya faru a Diyama da Maga, yakan dawo da wani bashin na gyara.

Ga Nijeriya, wadda ke zaune a ƙarshen Kwara da Binuwai, kuma ta fi kowa girman kaso a kasafin Hukumar Tafkin Chadi, biyan gudummawa kan kari da riƙe tashoshin auna ruwa tamkar inshora ce mai araha ga Kainji da Jebba da gonakin bakin kogi. Mataki na gaba da misalin Senegal ya buɗe shi ne shiga cikin mallaka da bashin ayyukan da ke sama da ita. Ƙasar da ta ɗauki kaso a bashin Kandaji, ko ta haɗa hannu da Kamaru kan tafiyar da Lagdo da duk abin da za a gina a Dasin Hausa, tana da kujera a ɗakin da ake yanke shawarar ranar buɗe ƙofofin madatsa da yawan ruwan da za a saki.